Yawon kallon wel da tsuntsayen teku daga Kleinbaai: ya cancanci zuwa, amma an tauye wa tsuntsaye haƙƙi

Duk wanda ya je Afirka ta Kudu tsakanin Yuni da Nuwamba, ina ba shi shawara ya ware yini guda don wannan yawo. Daga Cape Town zuwa Gansbaai tafiyar awa biyu da ɗoriya ce a mota, jiragen ruwan kuma suna tashi daga ƙaramar tashar Kleinbaai da ke kusa da garin. Na tafi a watan Satumba, lokacin da wel, ƙattin dabbobin tekun nan masu shayarwa, ke barin ruwan sanyi na wajen Antatika su zo gaɓa don haihuwa da reno.

Ma'aikatan sun san aikinsu. Kafin tashi an yi mana bayani, an raba rigunan ceto da na ruwa, aka kuma ce mai saurin jin jiri ya zauna ƙasa ta baya. Gaskiya suka faɗa. Muna fita bakin tasha igiyar ruwa ta fara ɗaga mu tana saukewa, wasu har muka dawo ba su ɗago kai ba. A sha maganin tashin zuciya tun kafin a hau, bayan an hau ya makara.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin matuƙin. Doka a can ta hana jirgi kusantar wel ƙasa da mita 300, sai mai lasisi ne ke iya matsowa zuwa mita 50. Da muka hango feshin ruwa ya tashi sama ya rabu biyu, alamar irin wel ɗin da ke zuwa wannan gaɓa, sai ya rage wuta ya tsaya. Bai bi ta ba. Muka yi shiru muna jira, can sai ga uwa da ɗanta sun nufo mu da kansu. Ba ta da ƙaya a gadon baya irin ta sauran, baƙa ce sumul, tsawonta ya kusa mita 15, kanta kuma cike da wasu fararen ƙulluwa masu kaushi kamar busasshen ƙanzo. Jagorar tamu ta ce da tsarin ƙulluwan nan masu bincike ke gane kowacce a hoto, don ba biyu da ke da iri ɗaya. Ta kuma tuna mana cewa uwar kusan ba ta cin komai duk watannin da take nan, kitsen da ta tara daga ƙananan jatan lande a kudu shi take mayarwa nono. Wannan ya sa tsayawar matuƙin ta yi ma'ana a gare ni: duk korar da jirgi zai yi mata, daga abincin ɗan ake ragewa. Mafarauta sun kusa ƙarar da irinsu kafin a haramta kashe su a 1935, har yau kuwa ba su koma yawansu na da ba.

Daga nan muka wuce Geyser Rock, dutsen da dubun dubatar karnukan teku, wasu dabbobin ruwa masu gashi da ke hawowa tudu, suka mamaye. Warinsu ke riga ganinsu isowa. Abin kallo ne, amma minti goma ya wadatar.

Ƙorafina a kan tsibirin Dyer yake. Wuri ne da aka killace, ba a sauka, daga cikin jirgi ake kallo, kuma a nan ne aka yi mana sauri. Baƙaƙen tsuntsaye masu nutso suna wucewa jere-jere daf da ruwa, wasu farare suna faɗowa daga sama su caki kifi, ba wanda ya tsaya ya gaya mana sunansu sai da na tambaya. Fengwin ɗin Afirka kuwa, tsuntsayen tekun da ba sa tashi sama, daga nesa muka hango 'yan kaɗan a kan duwatsu. A ƙarshen shekarun 1970 ma'aurata fiye da 20,000 ke sheƙa a tsibirin, yau ba su kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. An kwashe tarin kashin tsuntsayen da suke haƙa ramukan ƙwai a ciki aka sayar a matsayin taki, ƙananan kifayen da suke ci kuma sun yi ƙaranci. A 2024 aka sa su cikin jerin halittun da ke daf da ƙarewa. Tsuntsun da ke cikin wannan hali bai kamata a wuce shi da nunin yatsa ba, tunda tallan yawon da sunansa aka yi.

Mai son tsuntsaye ya zo da madubin hangen nesa, ya hau saman jirgi, ya kuma faɗa wa jagora tun a tasha abin da ya kawo shi. A nemi tashin safe, kafin iska ta yi ƙarfi, a kuma bar rana guda a ajiye, don idan teku ya ɓaci ana soke tafiyar.