Addu'ar Hukuma da Addu'ar Mutum a Makarantun Amurka

Kiristocin Amurka masu kishin 'yancin mutum suna bambanta addu'a iri biyu a makarantun gwamnati. Ta farko hukuma ke tsara ta, kamar wadda jihar New York ta rubuta wa ɗalibai su riƙa karantawa kowace safiya, har Kotun Ƙoli ta haramta ta a 1962. A ganina hukuncin ya yi daidai, domin gwamnatin da ta rubuta addu'a tana iya sauya kalmominta gobe ba tare da jin ta bakin iyaye ba. Ta biyu mutum ke yin tasa, kamar Joseph Kennedy, kocin ƙwallo a wata makarantar sakandaren gwamnati, da ya riƙa durƙusawa yana addu'a tsakiyar fili bayan wasa, wanda kotun ta ba gaskiya a 2022.