Zagayen ƙafa a tsohon garin Stockholm, ya ci kuɗinsa

Duk wanda Allah ya kai shi Stockholm, babban birnin Sweden, don Allah kar ya ɓata kuɗinsa a bas ɗin 'yan yawon buɗe ido, ya nemi masu zagayen ƙafa a Gamla Stan, wato tsohon garin. Ni da hantsi na bi wani ayari, wata budurwa ce ta ja mu tana ɗage da lema don kar mu ɓace mata. Suna cewa kyauta ne amma in an gama kowa sai ya miƙa abin da ya sawwaƙa, kuma wallahi yarinyar ta ci guminta, awa biyu cur bakinta bai huta ba.

A dandalin Stortorget ta fara tsayar da mu, wajen nan mai dogayen gidaje ja da ruwan ɗorawa da kowa ke rububin ɗaukar hoto, sai ta ce a nan ne fa a 1520 sarkin Denmark Christian na biyu ya sa aka hallaka mutum sama da 80, kai sai da jikina ya yi sanyi, ga mutane zaune suna kurɓar kofi a wajen. Daga nan muka ratsa Mårten Trotzigs gränd, lungu ne da inda ya fi matsewa santimita 90 ne kawai, in wani ya taho sai ka raɓe jikin bango kamar a lungunan cikin birnin Kano.

Amma abin da ya tsaya min a rai wani ɗan mutum-mutumin ƙarfe ne a bayan cocin 'yan Finland, Järnpojke, tsayinsa santimita 15, yaro ne zaune ya rungume gwiwoyinsa. Wani ya saƙa masa 'yar hular sanyi, ga sulalla an zube a gabansa, kansa har ya yi sheƙi don shafawa. Ni kaɗai da ko kusa ba zan gano wajen ba.

Inda ban ji daɗi ba, mun yi yawa, in kana baya rabin maganar iska ce ke kwashewa, fadar sarki kuwa mai ɗakuna sama da 600 wucewa kawai muka yi. Ku sa kambas saboda duwatsun titin suna cin ƙafa, kuma ku riƙe katin banki, shaguna da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi. Da aka tashi na taka ta Slussen, mashigin da ke kudu da tsohon garin, zuwa babban masallacin da ke kusa da dandalin Medborgarplatsen na yi azahar.