Wata Uku da Rautar MikroTik hEX a Gidana da ke Agege

Abin da ya sa na nemi wannan na'ura shi ne kyamarorin tsaro biyu da na kafa a ƙofar gida, domin akwatin da kamfanin intanet ya ba mu ba ya nuna mini abin da ke shiga da abin da ke fita, kuma lambar sirrinsa ta riga ta zaga hannun maƙwabta da baƙin da kan sauka a wurinmu idan sun zo daga Arewa. A Computer Village da ke Ikeja na samo MikroTik hEX, wato rauta mai raba intanet ga na'urorin gida, ƙirar wani kamfani na ƙasar Latbiya, wadda ba ta fi tafin hannu ba sosai, mai ramukan waya biyar. Ba ta watsa Wi-Fi, kuma ya kamata mai saye ya san haka tun a shago.

Ban haɗa ta da intanet nan take ba. Na fara jona kwamfutata a rami na biyu, na shiga adireshinta na asali, wato 192.168.88.1, na sa lambar sirri mai tsawo, na kashe hanyoyin shiga da ba na buƙata irin su Telnet da FTP, sannan na ja waya daga akwatin kamfani zuwa rami na farko na sabunta RouterOS, manhajar da ke tafiyar da na'urar. Wannan sabuntawa ba abin wasa ba ce, saboda a 2018 an gano wata ɓaraka a Winbox, manhajar da ake sarrafa waɗannan na'urori da ita, kuma duk da cewa an toshe ta a watan Afrilun shekarar, masu kutse sun ci gaba da cin karensu babu babbaka a kan waɗanda ba su sabunta ba. Na yaba da tsarin katangar tsaro, wato firewall, da take zuwa da shi, domin yana ƙin duk wata haɗuwa da aka faro daga waje ta rami na farko.

Kuskuren da na tafka nawa ne, ba na na'urar ba. Bayan mako guda na buɗe jerin na'urorin da take bai wa adireshi, sai na ga kwamfuta da kyamarori kawai, babu wayar uwargida, babu ta yara, babu talabijin. Ashe duk suna nan a kan tsohon Wi-Fi na akwatin kamfani, wanda yake wajen katangar da na gina. Na sa mai gadi a zaure, amma ƙofar baya tana buɗe. Sai na kashe wancan Wi-Fi ɗin gaba ɗaya, na ɗauko wata tsohuwar rauta na hana ta raba adireshi, na jona ta a bayan hEX domin ta riƙa watsa sigina kawai, sannan na ware kyamarori a rami na biyar yadda ba za su iya taɓa kwamfutar da nake harkar banki da ita ba.

Matsala ta biyu ita ce akwatin kamfani da sabuwar rautar duk suna sauya adireshi, ɗaya bayan ɗaya, lamarin da ya hana ni kallon kyamarori daga kasuwa. Maganinsa shi ne a mayar da akwatin ya zama gada kawai, wato ya riƙa miƙa layin ga hEX ba tare da ya sauya adireshi ba, kuma sai da na yi kwana huɗu ina kiran kamfanin kafin su yi, su kuma ba ni suna da lambar shiga layin.

Shafukan saitinta suna da yawa kuma suna buƙatar haƙuri, don haka nake shawartar kowa ya danna maɓallin Safe Mode kafin ya taɓa dokokin katanga, domin idan mutum ya kulle kansa a waje, na'urar za ta warware abin da ya yi. Ya cece ni sau biyu. Game da wuta kuwa, tana aiki da bolt 8 zuwa 30, saboda haka ƙaramin batirin bolt 12 da na ajiye a bayan kabad yana riƙe ta idan NEPA ta ɗauke, kafin a tayar da janareta.