Maganin wanke ƙurar birki na kalifa: abin da na gani bayan na yi amfani da shi

Duk wanda motarsa ke da rim mai faɗin ƙofa, wanda ana hango kalifa ta ciki, wato ƙarfen nan da ke rungume da faifan birki yana matse shi in ka taka birki, ya san takaicin baƙar ƙurar nan. Ka wanke mota fes ta yi ƙal, amma kalifa na nan baƙi ƙirin, kuma sabulun wankin mota baya yi mata komai ko ka dirje har hannunka ya gaji. Dalili kuwa ba ƙurar hanya bace, duk lokacin da ka taka birki fad, wato takalmin birkin da ke cikin kalifa, na gogar faifan birki wanda ƙarfe ne, ɓurɓushin ƙarfen na fita da zafinsa ya manne a jikin fenti, in ya daɗe ya fara tsatsa a wajen. Shi yasa na nemi ruwan feshin nan da ake kira mai cire ƙarfe, kamfanoni da yawa na yin irinsa, kuma gaskiya ya yi min aiki, sai dai akwai abubuwan da ba'a faɗa maka.

Yadda yake shine, in ka fesa shi ruwan fari ne, bayan minti biyu zuwa uku sai kaga ya fara komawa shunayya yana gangarowa. Sinadarin dake ciki, thioglycolate, shine ke haɗuwa da ƙarfen ya narkar da shi, kalar nan alama ce yana ci. Wajen da ya fi datti a kalifa ta, ta gefen da fad yake leƙowa da kuma lungun noti-notin baya, nan ne kalar ta fi yin duhu sosai. Na bishi da ƙaramin buroshi mai laushi, tsohon buroshin haƙori ma ya shiga inda babba ya kasa, sannan na sheƙa ruwa da tiyo. Wallahi jan fentin da na ɗauka ya koɗe ashe yana nan, datti ne kawai ya rufe shi.

Amma fa warin, a'a. Wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma yana kama hannu da kaya, don haka kar ka kuskura ka yi a cikin gareji a rufe, ka sa safar hannu ta roba, ka yi a fili inda iska ke kaɗawa amma a inuwa. Maganar inuwar nan da gaske nake, don in maganin ya bushe a jikin rim yana barin tabo. Haka in ka dawo daga tafiya birki da zafi ka bari ya huce tukunna, zuba ruwan sanyi kan faifai mai zafi ba alheri bane a gare shi.

Abin da zan jaddada shine a cire tayar. Masu talla suna nuna maka an fesa ta cikin rim an ɗauraye shikenan, to fuskar gaba kawai zata fita, baya da ƙasa suna nan yadda suke. Ka ɗaga da jak ka sa mata abin tokare mai ƙarfi, kar ka dogara da jak shi kaɗai hannunka na ciki. Kuma don Allah kar a hure ƙurar da iskar kwamfiresa kamar yadda wasu keyi, ƙurar birki ba abin shaƙa bace, wasu tsofaffin fad ma da asbestos ake yinsu wanda ke lalata huhu. A jiƙa ta a wanke da ruwa.

Wani zai ce ai akwai feshin gwangwani na wanke birki wanda bakanike ke amfani da shi. Eh akwai, amma aikinsa daban, shi na cire mai da giris ne daga jikin faifai, yana bushewa nan take, kuma yana iya dusashe fentin kalifa ko ya ɓata robar dake kare fistin, wato abin dake tura fad a cikin kalifa. In kalifarka mai fenti ce ka nisanta shi da ita. Sannan duk wani abu mai maiƙo, ko na sa ƙyalli, kar ya taɓa faifai ko fad, wannan maganar rai ce.

Inda mai cire ƙarfen bai burge ni ba, dattin da ya shekara ya gasu da zafi baya fita a zagaye ɗaya sai an maimaita, kuma kwalbar na saurin ƙarewa in zaka yi ƙafa huɗu har da rim. Inda fenti ya riga ya ɓare ba abin da zai gyara, sai sabon fenti mai jure zafi.

Bayan ka gama zaka ga faifan ya yi ja-ja na tsatsa, kar hankalinka ya tashi, da ka ɗan yi tafiya kana taka birki a hankali zai goge, kuma ka yi hakan kafin ka hau babban titi don jiƙaƙƙen birki baya kamawa sosai da farko. Ni dai zan sake saye. In kuma ƙurar ta dameka da yawan dawowa, sanda zaka canza fad ka tambayi na siramik, suna fitar da ƙura kaɗan kuma ba baƙa sosai ba.