Sharhi kan allurar adalimumab ga mai amosanin ƙashin baya

Ina fama da amosanin ƙashin baya, nau'in da likitoci ke kira ankilosin sifondilaitis, wanda ke sandarar da ƙugu da asuba, ya ƙaru idan mutum ya kwanta, ya lafa idan ya motsa jiki. Bayan ƙwayoyin rage kumburi irin su naproxen sun kasa kai ni ga barcin kirki, likitan gaɓɓai ya ɗora ni kan allurar adalimumab, miligiram 40 a ƙarƙashin fata duk bayan mako 2.

Abin da ya sa na amince da ita shi ne fahimtar inda take aiki. A wannan cuta ƙwayoyin garkuwar jiki suna ta aika wa juna saƙon faɗa a mahaɗar ƙugu da ƙashin baya, da wuraren da jijiyoyi ke manne wa ƙashi, alhali babu wata ƙwayar cuta da ake yaƙa. Manyan masu ɗaukar saƙon su ne sinadaran TNF da IL-17 da IL-23, kuma adalimumab tana kama TNF ne kafin ya isa ga ƙwayoyin da zai tunzura. Cikin 'yan makonni sandarewar safiya ta ragu, sakamakon gwajin jini na CRP, mai auna kumburi a jiki, ya sauko, na kuma koma yin ruku'u ba tare da dafa bango ba.

Amma wanda zai fara ta ya san cewa TNF ɗin nan yana cikin abin da jiki ke tsare tarin fuka da shi. Shi ya sa aka yi mini hoton ƙirji da gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B kafin allurar farko, kuma a ƙasa irin Najeriya, inda tarin ya yawaita, ban ga hujjar da za ta sa a tsallake wannan mataki ba. Mura ma takan daɗe mini fiye da da.

Ajiyar allurar ita ce ta fi wahalar da ni. Tana buƙatar firiji mai sanyin digiri 2 zuwa 8, ba a kuma yarda ta daskare ba, ga ɗaukewar wuta, ga zafin bazara, har sai da na haɗa firijin da sola. Tsadarta kuwa ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata, ko da samfuran da wasu kamfanoni ke yi a farashi mai sauƙi.

Ba ta raba ƙasusuwan da suka riga suka haɗe, don haka ban daina motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koya mini ba. Wanda ciwon bayansa ya fara kafin shekara 45, ya kuma wuce wata 3 yana tashinsa cikin dare, ya nemi likitan gaɓɓai tun kafin ƙashin ya haɗe, domin a lokacin ne allurar ta fi cancantar kuɗin da ake kashewa a kanta.