Rilen Auna Ruwa Mai Sanduna Uku: Abin da Na Gani Bayan Damina Ɗaya

Ni ke kula da kayan lantarkin wani rukunin gidaje a Tumfure, cikin Gombe, inda ruwan wanka da na kicin ke taruwa a rami guda mai zurfin mita 3 kafin sumo biyu, wato famfunan da ake nutsawa cikin ruwa, su tura shi babbar kwata. Da fulot, makunnin nan da ke yawo a saman ruwa yana kunna famfo da kashe shi, muka daɗe muna aiki, amma tsumma da leda sukan nannaɗe shi ya maƙale a sama, injin ya yi ta juyawa babu ruwa. Sai da sumo ɗaya ya ƙone sannan na sayo rilen auna ruwa mai sanduna uku a wani shagon kayan wuta a Sabon Layi, na'urar da ke kunna famfo da kashe shi gwargwadon yawan ruwa.

Sandunan na ƙarfe ne marar tsatsa, ana rataye su daga murfin ramin, kowace da tsawonta. Rilen yana sakar musu ɗan lantarki, bolt 8 kacal, kuma ruwan da kansa ne ke haɗa layin tsakanin doguwar sandar da sauran biyun. Da zarar ruwa ya taɓa gajeriyar sai famfo ya tashi, kuma ba zai tsaya ba sai ruwan ya sauka ƙasa da ta tsakiya. Amfanin na'urar duka yana cikin wannan tazara. Da farko santimita 20 na bari, famfon ya dinga tashi yana mutuwa har kwantakta, babban makunnin da ke ba famfo wuta, ta ɗauki zafi; da na mayar da ita 70, na kuma tsayar da bakin sandar tsakiya sama da jikin sumon domin ruwa ya riƙa sanyaya shi, sai aiki ya daidaita.

Mai shagon ya yi mini gaskiya tun kafin in biya. "Malam, amfiya 5 kawai yake ɗauka," in ji shi, "kwantakta za ka ba shi ya ja, ita ta ja famfo."

Abokin gaban rilen maiƙo ne. A watan Agusta na tarar da ruwa ya kusa lasar murfi amma famfo shiru, da na zaro sandunan sai ga su lulluɓe da farin kitse kamar an shafa musu man shanu, lantarki ya kasa ratsawa. Kumfar sabulu kuwa takan yaudare shi ya tada famfo kafin lokaci, sai da na rage masa kaifin ji ta ɗan maɓallin da ke fuskarsa. Yanzu duk mako biyu nakan goge sandunan daga sama, ba na shiga ramin, domin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai tana kisa.

Rilen shi kaɗai ba ya yi wa famfo biyu karɓa-karɓa, dole na ƙara wani rilen domin haka, abin da ya ɗaga kuɗin aikin. Tsohon fulot ɗin ma ban yar ba. Na ɗaure shi can sama da gajeriyar sandar, na haɗa shi da ƙararrawa a ɗakin maigadi.