Jirgin ƙasan Dhaka zuwa Srimangal: yadda na gan shi

Tunda na zo karatu Gazipur, kusa da Dhaka babban birnin Bangladesh, 'yan ajinmu ke damuna da zancen Srimangal, wai garin ganyen shayi ne kuma duk Bangladesh babu inda ya kai shi kore. To hutun da ya wuce ni da wani abokina ɗan Katsina muka ce bari dai mu je mu gani da idonmu.

Garin yana arewa maso gabas da Dhaka, a gundumar Moulvibazar ta yankin Sylhet, ba nisa sosai da iyakar jihar Tripura ta Indiya. Mun hau Parabat Express na sassafe, kuma ba sai mun je har Kamalapur, babbar tashar jirgin ƙasa ta Dhaka, ba, a tashar da ke kusa da filin jirgin sama muka shiga tunda ita ce kusa da mu. Tikiti a intanet na saya da lambar fasfo, amma fa ku saya da wuri, kwanaki kafin tafiya, don kujerun Snigdha masu AC kamar waina ake wawasonsu. Mu Shovon chair muka samu, ba AC sai fanka da taga, kuma wallahi ban yi nadama ba don tagar nan ita ce tafiyar gaba ɗaya.

Wajen awa huɗu da ɗan wani abu ne. Ana wuce gadar Bhairab a kan kogin Meghna, ruwa faɗi kamar ba zai ƙare ba, sai Brahmanbaria, sai gonakin shinkafa har ka gaji da kallo. Masu talla kuwa ba sa barin mutum ya runtsa, mai dafaffen ƙwai, mai shayi a ɗan kofi, mai jhalmuri (shinkafa ce da aka gasa ta kumbura kamar gugguru) da ke kaɗa gwangwaninsa yana zuba yaji da man mastad sai ka ji hancinka ya buɗe. Bayan Shaistaganj ne ƙasa ta fara tudu-tudu, can sai ga ganyen shayi an aske shi daidai wa daida kamar aski, mata da kwanduna a baya suna tsinka. Abokina da ya yi ta gyangyaɗi tun Dhaka nan take ya wartsake.

Shi garin kansa ƙarami ne, in ka sauka a tasha kana iya zaga kasuwar da ƙafa. Duk ƙaramar hukumar ce mutanenta suka haura dubu 300 a ƙidayar 2011, mafi yawa a ƙauyuka da gonakin shayi suke. Abin hawa CNG ne, keke napep ɗinsu kenan amma kore da keji. Nan ne kawai raina ya ɓaci, wani direba da ya ga baƙi ya ninka mana kuɗin zuwa dajin Lawachara, tafiyar da ba ta fi kilomita 8 ba, sai da wani dattijo ya sa baki. Ku yi ciniki kafin ku hau.

Shayin nan mai hawa bakwai da ake ta kururutawa kuwa, a ido ya yi kyau cikin kofin gilashi, a baki sukari ne zalla, ni dai na mai shayin bakin tasha ya fi min. Dawowa mun yi kuskuren hawa bas, direba na gudu kamar ana binsa, ga cunkoson motoci a bakin Dhaka. In zan koma jirgi zan bi zuwa da dawowa, kujerar taga.